Shekara huɗu ana ce mini sanyi ne

Sana'ata ɗinkin hula. Tun ina 'yar shekara 12 na koya a hannun gwaggona a cikin birnin Kano, kuma da kuɗin ƙube na sayi rabin kayan ɗakina. Na fara da wannan ne don a san matsayin yatsu a wurina. Ranar da na kasa zura zare a kafar allura, ba don idona ya gaza ba sai don yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, na zauna a bakin gado na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

Abin ya soma a 2015, ina da shekara 27, ban daɗe da yin arba'in na haihuwata ta biyu ba. In na tashi alwalar asuba sai in ji hannuwana kamar na aro, sun yi nauyi, sun sandare, ba na iya dunƙule su. Buta da hannu biyu nake ɗaga ta, in jingina ta da gwiwa in karkato ruwan. Sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 9 ko 10, sannan su saki, in kama aikina kamar ba ni ba. Wannan sakin da suke yi da hantsi shi ya cuce ni, domin duk wanda ya zo duba ni da rana yake zuwa, ya tarar ina shara, ya tafi yana cewa raki ne.

Inna, uwar mijina, ba ta ko ɓata lokacin dubawa ba. Ta ce, "Sanyi ne, 'yar nan. Ku yaran yanzu tsoron ruwan zafi kuke yi, kun mai da wankan jego wasa." Allah shi ne shaida, na yi wankan nan safe da yamma da ganyen darbejiya har fatar bayana ta saɓule, na sha kunun kanwa har na gundura. Amma wa zai yi musu da Inna? Ni kaina na yarda. Sanyi kalma ce mai faɗin ciki, duk abin da ka jefa mata za ta haɗiye. Ciwon baya sanyi, ciwon mara sanyi, ciwon gwiwa sanyi, rashin haihuwa ma sanyi.

Na sha citta da tafarnuwa da kanumfari. Na sha sassaƙe kala-kala na masu lasifika a bakin kasuwa, wani ɗacinsa sai ya kwana biyu a maƙogwarona. An yi mini tofi a man zaitun. Da ciwon ya fara yawo, yau wuyan hannu, jibi kafaɗa, sai wata ƙawar mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce ciwon Allah da Annabi ba ya tafiya haka, wannan jifa ne, in bincika cikin facalolina. Na kusa wata uku ba na cin abin da ya fito daga ɗakin wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Na roƙe ta gafara daga baya, ita ma sai da ta yi hawaye.

Asibiti kuwa na je, kada a ce ban je ba. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne kusa da mu. Na ce gaɓɓaina ke ciwo, aka ɗebi jini, aka ce taifod da maleriya. Sau uku a shekara guda ana ce mini taifod da maleriya. A duk zuwan nan babu wanda ya ce in miƙo hannuna ya gani.

A 2017 na samu ciki na uku, sai ciwon ya kwanta luf. Na koma ɗinki, na gama huluna biyu kafin watan haihuwa. Inna ta ce, "Ba na faɗa ba? Sabon jego zai wanke tsohon." Aka ƙara wa tukunyar wanka itace. Wata biyu da haihuwa ciwon ya dawo, kuma wannan karon da gayya ya zo. Gwiwoyi suka kumbura. Tafin ƙafa in na taka da safe kamar a kan tsakuwa. Ba na iya matse wanki, ba na iya juya muciya a tukunyar tuwo, ba na iya zaman tahiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne goyo. In ɗora yaro a baya ba wuya, ɗaure majanyin ne ya gagara, sai na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata ta zo ta ɗaure mini.

A nan mai kemis ya shigo labarin. Maƙwabciyar ce ta ce akwai wani yaro da yake haɗa maganin sanyin ƙashi, kakarta ma shi take sha. Ƙwaya huɗu ce a ƙulle a 'yar leda: ja ɗaya, rawaya ɗaya, sai wasu farare ƙanana guda biyu. Ba suna, ba kwali, sunansa kawai "haɗi". Na sha da daddare, na sha da safe. Kwana biyu na tashi da asuba na dunƙule hannuna tsaf. Wallahi na yi wa yaron nan addu'a a sujada, sujadar da na yi wata huɗu ban yi daidai ba.

Wajen shekara biyu ina shan haɗin nan kusan kullum. Fuskata ta cika ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, wuya ya yi tozo ta baya, amma ƙafafuwa sai sirancewa suke yi. A gidan biki ana ta zolayata, "Wannan ƙiba haka, lallai Malam yana ji da ke." Ina dariya. Wata irin nankarwa mai duhu ta fito mini a ciki da cinya, ƙirjina yana zafi da daddare, ƙaramin ƙurji sai ya yi mako uku bai warke ba. In kuma kuɗi suka yanke na kwana biyu ban sha ba, ba ciwon gaɓɓai kaɗai ke dawowa ba, jiri ne da kasala da tashin zuciya, kamar an zare mini laka. Na ɗauka ƙarfin sanyin ne.

A Disamban 2019, cikin hunturu, na fito da kwanuka zan kai bakin rijiya. Ruwa ya zuba a siminti, santsi ya ɗebe ni, na kai hannun hagu ƙasa don in tare. Ba daga bene na faɗo ba, ba daga babur ba, daga tsaye ne kawai. Na ji ƙas. Da na ɗago hannun, wuyansa ya yi wani doro kamar bayan cokali mai yatsu.

Wurin mai ɗori aka kai ni, kamar yadda kowa a unguwarmu zai yi. Ba zan zage shi ba, dattijo ne mai mutunci, gadon gidansu ne, kuma shi ya ɗora ƙafar yayana da ya karye a ƙwallo, ga shi yana tafiya garau. Mutum biyu suka riƙe ni, ya yi bismilla ya ja, na ga taurari. Ya shafa man shanu, ya jera karare ya naɗe da tsumma tamau. Dare na farko ban runtsa ba, aka ce haka ɗori yake. A dare na biyu yatsun suka kumbura suntum, suka yi sanyi, farcen ya soma duhu, in an taɓa ba na ji sosai, amma in an miƙar da yatsa ɗaya sai in ƙwalla ƙara. Malam ya haska da fitilar waya ya daɗe yana kallo. Inna ta ce kada a taɓa aikin mai ɗori. Bai ce mata komai ba, ya ɗauko almakashina na ɗinki ya yanke tsumman. Daga baya likita ya gaya mana cewa ɗauri in ya matse hannu mai kumburi, jini yakan daina isa ga naman, kuma sa'o'i kaɗan sun isa nama ya mutu. Yawancin yaran da ake yanke wa hannu bayan ɗori, ba karayar ce ta ci hannun ba, ɗaurin ne.

Da gari ya waye muka nufi Asibitin Ƙashi na Dala. Duk Bakano ya san shi, tun 1959 yake nan, amma da yawanmu muna tsoronsa, wai in ka shiga da ƙafa biyu da ɗaya za ka fito. Ni ma da wannan tsoron na shiga. Aka yanki kati, aka tura ni hoto. Mai ɗaukar hoton ya ɗauka ta sama, ya ce in juya hannun ya ɗauka ta gefe. Na ce ɗaya bai isa ba, ga ciwo? Ya ce karaya takan ɓuya in ta fuska ɗaya aka kalle ta, kuma ta gefe ne ake ganin inda ƙashin ya goce.

Likitan matashi ne, bai fi ƙanena ba. Ya ɗaga hoton a fitila ya nuna wa Malam inda babban ƙashin damtsen ƙasa ya karye dab da wuyan hannu ya tashi baya. Sannan ya ce, "Malama, daga ina kika faɗo?" Na ce daga tsaye. Ya ce shekarata nawa, na ce 31. Sai ya ajiye hoton ya kalli fuskata, kallon da har na ji kunya na gyara mayafi. Ya ce, "Ba ni ɗaya hannun."

Na ce, "Likita, ai wannan lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Shi nake so in gani."

Ya kama hannun daman nan ya juya shi. Ya haɗa gaɓɓan tushen yatsu huɗu ya ɗan matsa, matsawar da ba ta kai ta gaisawa ba, na zabura. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana latsa gaɓar tsakiya, ya ce kin ji yadda take da laushi kamar ƙullu? Wannan ba ƙashi ba ne, kumburi ne. Ya ce in dunƙule, na dunƙule rabi. Shekara huɗu da ciwo, ranar ce ta farko da wani ya riƙe hannuna don ya duba shi. Sai ya ce, "Wane magani kike sha?" Na ce ba komai, sai haɗin sanyi. Ya ce in akwai a jakata in fito da shi.

Ya kwance ledar a kan tebur ya tura fararen ƙwayoyin gefe da bakin biro. Jar maganin kashe zafi ce irin su dikilofenak, ita ke ƙona mini ciki, kuma in an daɗe ana sha tana taɓa ƙoda. Rawayar bitamin ce, ado ce kawai. Fararen su ne sitiroyid, dangin firednisolon. Ya ce magani ne na gaske, su ma suna bayarwa, amma da awo da wa'adi. In aka sha shi shekaru ba lissafi, shi ke kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki, ya zuƙe ƙashi har ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Mace mai shekara 31 ba ta karyewa don ta zame a tsakar gida, in ji shi, sai in akwai abin da ya riga ya cinye ƙashin. Na ce to daga yau na bar shi. Ya ɗaga hannu da sauri ya ce a'a, kada in kuskura. Jikina ya saba karɓa daga waje har ya rage yin nasa, in na yanke rana ɗaya zan iya faɗuwa. Da kaɗan-kaɗan za a janye shi, cikin watanni. Sai a lokacin na gane jirin da nake yi in kuɗi sun yanke.

Aka yi mini allura, aka ja ƙashin ya koma mazauninsa, aka sa filastar nan mai tauri da muke ce wa siminti, aka sake hoto don a tabbatar ya zauna. Mako 6 na yi da ita. Wannan ɓangaren bai da wani labari, ƙaiƙayi ne kawai da wanka da leda a hannu, sai gashi da motsa yatsu bayan an cire. Takardar da ya rubuta mini zuwa wurin likitar gaɓɓai a Asibitin Malam Aminu Kano ita ce ta canja mini rayuwa.

Likitar mace ce. Ta ce ya jiki, na ce da sauƙi. Ta yi dariya ta ce, "In da sauƙi me ya kawo ki? A ɗakin nan ban da da sauƙi." Sai ta shiga tambaya, tambayoyin da na ɗauka ba su da alaƙa da magani. Da safe ya fi tsanani ko da yamma? In na tashi, minti nawa kafin hannun ya saki? Na ce ba minti ba ne, awa uku ne. Hannu ɗaya ne ko duka biyun, kuma gaɓɓai iri ɗaya? Aiki yana ƙara shi ko yana sassauta shi? Da ina da ciki ya lafa? Na ce ya aka yi kika sani? Gashina yana zuba, bakina yana fashewa, rana tana fito mini da ƙuraje a fuska? Idona yana bushewa? Ina tari, ina zufa da dare? Akwai mai sikila a gidanmu? Ta fi minti 20 tana tambaya kafin ta taɓa ni. Sannan ta bi gaɓɓai 28 tana latsawa tana ƙirga masu ciwo daban, masu kumburi daban: yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, gwiwa.

Ta ce tun kafin jini ya dawo ta kusa sanin sunansa. Amosanin gaɓɓai ne irin wanda ake kira rumatoyid. Ba sanyi ne ya shige ni ba, ba ruwan wanka ne ya huce ba. Garkuwar jikina ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta juyo tana yaƙar shimfiɗar da ke cikin gaɓɓaina, ta kumbura ta, a hankali kumburin ya ci guringuntsi ya ci bakin ƙashi. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, yakan lafa da ciki ya taso bayan haihuwa. Na ce ta maimaita wannan a gaban Malam, don ya kai wa Inna.

Gwajin jini ya dawo. ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, sun hau. Wanda ake kira anti-CCP, mai gano alamar rumatoyid, ya nuna, kuma sosai. Ta ce akwai masu ciwon da jininsu ba ya nuna komai, akwai kuma masu lafiya da wani gwajin kan nuna a jininsu, shi ya sa ba takarda ake yi wa magani ba. Hoton hannun dama ya nuna inda ciwon ya ɗan gatsi bakin ƙashi a gaɓɓai biyu, kamar ɓera ya taɓa sabulu. Ta ce wannan ba zai dawo ba. Da na zo a watannin farko da an tare shi. Ban ce komai ba, lissafin kuɗin sassaƙe da na taifod nake yi a zuciyata.

A bencin jiran nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Kowa ka tambaya sai ya ce sanyin ƙashi, amma in an fito daga ɗakin likita kowa da sunan nasa. Akwai wata Hajiya mai jiki, ta haura 60, gwiwoyinta ke ƙara in ta tashi. Nata zaizayewar guringuntsi ne saboda shekaru da nauyi, da safe minti kaɗan ya sake ta, da yamma bayan ta sha zirga-zirga yake kama ta, kishiyar nawa ke nan. Akwai wani Alhaji mahauci da babban yatsan ƙafarsa ke tashinsa tsakar dare, ja zur, ko zani ba ya so ya taɓa, nasa gishirin yurik ne ya taru a gaɓar, aka ce ya rage nama da kayan ciki, yana ta mita wai an raba shi da sana'arsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne mai sikila, yana ɗingishi, kan ƙashin ƙugunsa ya mutu saboda jini ba ya isa. Shekara biyu ana yi masa gashi da tsumma a gida. Kuma a nan na ji ma'aikaciyar jinya tana faɗa wa wata uwa cewa yaro in gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafar, ba a kwana da shi a gida, domin ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa kwanaki kaɗan take lalata ta.

Aka ɗora ni a kan metotireksat. Likitar ta sa na maimaita sau uku: sau ɗaya a mako, ba kullum ba. Wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa. Na zaɓi Talata. Folik asid a wata ranar daban, sai maganin ƙarfafa ƙashi, sai wani ɗan'uwan kulorokwin da ake sha kullum, wanda saboda shi ake duba mini ido lokaci-lokaci. Ta ce ko mura na yi kada in yarda a ba ni Septrin, ba sa haɗuwa. Za a riƙa ɗibar jini ana duba hanta da yawan jini. Sannan ta rufe fayil ta dube mu mu biyu ta ce ba a ɗaukar ciki a kan wannan magani, yana lalata halittar jariri. In muna son haihuwa mu zo mu faɗa, a dakatar da shi tun da watanni, a canja wani. A adaidaita sahu muna dawowa babu wanda ya yi magana. Sai da muka kusa gida Malam ya ce, "Uku ma Allah ya raya mana." Maganar ba ta mutu a nan ba, ta sha tasowa daga wajen dangi, har da masu ba shi shawarar ƙari a gabana. Wannan wani labarin ne.

Maganin ba irin haɗi ba ne da ke aiki a kwana biyu. Sai da na yi kusan wata uku kafin na ji bambanci, kuma a daidai lokacin ake janye mini fararen ƙwayoyin, ga kullen korona na 2020 ya rufe Kano. Duniya ta ɗauka kulorokwin da danginsa suna maganin korona, aka wawashe su, wanda nake sha ya yi wuyar samu, kuɗinsa ya tashi. Akwai daren da na sa hijabi zan aika a sayo mini haɗi, na san yaron yana buɗewa ta ƙofar baya. Har na ƙirga kuɗin. Abin da ya tsayar da ni ba wani ƙarfin hali ba ne, hoton nan ne na tuna, inda ɓera ya taɓa sabulu.

Yanzu fuskata ta koma tawa. Masu cewa Malam yana ji da ni sun koma tambaya ko lafiya na rame. Da asuba minti 10 ko 15 ya ishe ni hannu ya saki, in hunturu ya yi tsanani in ɗan jiƙa shi a ruwan ɗumi. Ina sujada, zaman tahiya ne wani lokaci nake miƙe ƙafa. Yatsu biyu na hannun dama sun karkata waje, ba za su miƙe ba, wuyan hannun hagu kuma ba ya lanƙwasuwa baya sosai. Ƙube da nake gamawa a mako uku yanzu tana cin wata biyu, kuma babbar 'yata ce ke zura mini zare, ta jera mini allurai biyar a jikin matashi kafin ta tafi makaranta. Ranar Talata bayan isha nake shan ƙwayoyina, washegari in wuni da ɗan tashin zuciya. Da azumi ma haka, bayan an sha ruwa.

Inna ta tsufa sosai, gwiwoyinta sun hana ta zuwa ko'ina. Da ƙyar Malam ya kai ta aka yi hoto, aka ce irin na Hajiyar bencin nan ne. Ni nake shafa mata magani in na je, da waɗannan karkatattun yatsun. Jiya ma na je. Ta kama hannuna ta juya shi ta ce, "'Yar nan, ya sanyin naki?" Na ce, "Da sauƙi, Inna."